Bajaj Boxer a hanyoyin Kaduna: inda ya cancanci kuɗinsa da inda yake wahalar da mai shi

Wanda ya tsaya a bakin titin Rigasa ko a Kawo da sassafe ya zuba wa baburan da ke wucewa ido, ba zai daɗe ba zai gane cewa Boxer ya mamaye gari. Kamfanin Bajaj na birnin Pune a Indiya ne ke ƙera shi, kuma iri biyu aka fi gani a nan: ƙaramin, BM100, da babban, BM150 mai inji 144.8cc. Dukansu silinda ɗaya ne, iska ce ke sanyaya injin, baƙin mai daban fetur daban, ba irin baburan zamanin da ba ne, waɗanda ake cakuɗa musu su a tanki. Yawancin waɗanda ke kan titi giya huɗu gare su, birkinsu kuma na ganga ne gaba da baya.

Ba gudu ba ne ya sayar da Boxer, ba kuma kyau ba. Abin da ya sayar da shi shi ne kusan kowace rumfar bakanike daga Tudun Wada zuwa Sabon Tasha an san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sai an je neman su wani gari ba. Sai dai wannan suna da ya yi na juriya shi ne ke cutar da shi. Mutane sun ɗauka ba ya mutuwa, sai su daina duba shi, alhali ƙurar hunturu da taɓon damina na Kaduna ba su san sunan kamfani ba.

A fara da zama. Kushin ɗinsa dogo ne, shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, ga kariyar ƙarfe a baya da ke ɗaukar buhu ba ta lanƙwashe ba. Shokozoba biyun baya kowanne sifirin ne a cikin sifirin, abin da kamfanin ke kira SNS: suna shanye ƙananan gargada, suna kuma tarar nauyi idan an yi goyo ko an faɗa rami. A lungunan Rigasa da Unguwar Mu'azu da Hayin Banki, inda kwalta ke ƙarewa a shiga jar ƙasa da zaizayar ruwa, nan ne ake gane amfanin wannan. Cikinsa ya ɗaga daga ƙasa sosai, tayoyinsa inci 17 ne, don haka tudun da zai daki ƙasan roba-roba, Boxer zai haye shi lafiya. Tsayin nan kuwa shi ne matsalar gajeren mutum, musamman a kan babban. Kafin a biya kuɗi a hau a ga ko ƙafa tana taka ƙasa sosai, domin a cunkoson Ahmadu Bello Way wajen Kasuwar Sheikh Gumi tsayawa ta fi tafiya yawa.

Injin an yi shi ne don ja, ba don tsere ba. Yana tashi da kaya daga tsaye ba tare da an matsa masa ba, giyar farko da ta biyu gajeru ne masu ƙarfi. A kan titi mai santsi kuwa, irin Nnamdi Azikiwe ko hanyar Zariya, da zarar ƙaramin ya haura kilomita 70 a awa sai karkarwa ta fara zuwa hannu da matakin ƙafa, madubi ya daina nuna komai sosai, mutum ya riƙa laluben giya ta biyar da babu ita. Babban ya fi numfashi, amma shi ma ba abin da za a ɗaure wa wuta tun daga Kawo har Zariya ba ne, tafiyar kusan kilomita 80. Injin da iska ke sanyayawa, idan aka riƙe shi a ƙarshen ƙarfinsa na tsawon lokaci a zafin Maris da Afrilu, baƙin mai yana tsinkewa, ringi ne ke biyan bashin.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce ta shan mai. Ƙaramin idan kafiretonsa a daidaice yake, iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, a wanke, taya da iska, haura kilomita 40 da lita ɗaya ba abin mamaki ba ne a gare shi. Babban ya fi shi sha, kuma tankinsa lita 11 ne. Maimakon a dogara da maganar dillali, a gwada da kai: a cika tanki, a rubuta lambar da mita ke nunawa, a yi zirga-zirgar da aka saba, a sake cikawa, a raba kilomitan da aka yi da litar da ta shiga. Idan lissafin ya faɗi ƙasa sosai, abubuwa uku ake dubawa kafin a zargi inji: iyakilina, iskar taya, da birkin baya da aka ɗaure har yana riƙe wili.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu saboda tsadar mai, wato a sa bakanike ya matse kafireto har babur ya riƙa shan mai kaɗan fiye da ƙa'ida. Riba ce ta ɗan lokaci. Idan iska ta rinjayi mai a cikin silinda, inji yana yin zafi fiye da kima, bakin bawul yana ƙonewa, da safe kuma sai an yi ta kik kafin ya tashi. Fulogi ne ke faɗin gaskiya. A cire shi bayan tafiya a duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, fari fat alamar an matse da yawa, baƙi mai toka alamar mai ya yi yawa ko iyakilina ta toshe, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa, ringi ko robar bawul sun gaji. Tazarar bakin fulogi tsakanin milimita 0.7 ne zuwa 0.8.

Inda ya kamata mai Boxer a Kaduna ya fi sa ido shi ne iyakilina, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke tashi tana da laushi ƙwarai, tana ratsa duk wata kafa. Idan ta wuce matata ta shiga silinda, sai ta haɗu da mai ta riƙa goge jikin silinda da ringi a hankali. Ba a ganin ɓarnar a ranar. Bayan 'yan watanni ne za a ga salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, baƙin mai na raguwa ba tare da yoyo ba, sai a ce babur ɗin jabu ne. Mai matatar soso ya cire ta duk mako biyu a lokacin hunturu, ya wanke da kalanzir, ya matse a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kada ta yage, ya bari ta bushe, sannan ya ɗiga mata baƙin mai mai tsabta kaɗan ya mammatsa har ya ratsa ko'ina, ya matse rarar. Wannan maiƙon shi ke kama ƙura. Busasshen soso rabin aiki yake yi. Matatar takarda kuwa ba a wanke ta ko a sa mata mai, ana kakkaɓewa ne, idan ta yi baƙi a canza. Sannan a duba robar da ta haɗa akwatin iyakilina da kafireto, domin idan ta tsage ko ƙarfen da ke ɗaure ta ya saki, duk wankin da aka yi a banza ne, ƙura ta bayan gida take shiga. Masu cire soson gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, kuɗin fistin da ringi suke tarawa bakanike.

Baƙin mai kusan lita ɗaya injin ke ɗauka, 20W50. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, saboda kulocin Boxer a cikin man yake iyo. Wasu mayukan mota suna ɗauke da sinadarin ƙara santsi da ke sa farantan kuloci su riƙa zamewa. Man awo da ake ɗibowa daga durom a bakin titi kuwa, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Sabon babur ana juye masa na farko tun bai wuce kilomita 500 zuwa 750 ba, domin a lokacin ne ɓurɓushin ƙarfe ke fita daga sababbin kaya, kuma a wannan tsakanin ba a matsa masa wuta ko a labta masa lodi. Bayan haka, shawararmu ga mai hawa zuwa aiki ya dawo ita ce kada ya wuce kilomita 2,000, mai yini a kan titi da kaya kuma ya rage zuwa 1,500 ko ƙasa. A juye mai inji na da ɗumi, babur a kan jak ɗin tsakiya, a wanke rariyar mai idan an buɗe. Wajen mayar da notin ƙasa a kula da yaran shago masu ƙarfin hannu: jikin injin alminiyom ne, idan aka ɗaure fiye da kima haƙoran ramin suna cinyewa, daga nan yoyo ya fara ke nan, sai an kai wajen masu dabara a Panteka.

Ƙarar tafet, wato ƙarfen da ke danna bawul, wannan "cak-cak-cak" da ake ji daga kan inji, tana damun mutane fiye da yadda ta cancanta. 'Yar ƙara kaɗan ba laifi ba ce. Haɗarin yana ga bakaniken da zai matse ta har ta yi tsit don ya faranta wa mai babur rai, domin bawul ɗin da bai samu tazara ba ba ya rufuwa sosai idan ƙarfe ya yi zafi, sai ƙarfi ya ragu, bawul ya ƙone. Ana saita tafet ne inji na sanyi, da ma'aunin tazara na ƙarfe, bisa adadin da ke cikin littafin babur ɗin. Wanda ya ce zai saita da kunne inji na zafi, a yi masa godiya a ƙara gaba.

Cen da siforoket su ne na biyu a cin kuɗi. Boxer yana zuwa da murfin cen, kuma da yawa suna cire shi da zarar ya fara ƙara. Kuskure ne babba a garin da rabin shekara ƙura ce rabi laka. Ƙarar murfi alama ce cewa cen ya saki, ba murfin ne ke da laifi ba. Sakin da ake so a tsakiyar cen milimita 25 ne zuwa 30. A sassauta notin gatarin baya, a juya maɗauran gefe biyu daidai wa daida, a duba alamomin da ke jikin ƙarfen su zo ɗaya hagu da dama, in ba haka ba wili zai karkace ya riƙa cin taya gefe guda. A juya wilin a gwada sakin a wurare da dama, saboda cen ba ya miƙewa bai-ɗaya. Ɗaure shi tamau ya fi sakinsa illa, domin idan aka yi goyo shokozoba ya nutse, cen yana ƙara ɗaurewa, sai ya ja boris ɗin giya ya lalata shi. Mai kuma duk kilomita 500, man giya mai kauri ya fi tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, wanda ke cike da datti. Idan haƙoran siforoket suka yi tsini suka karkata, a canza cen da siforoket biyun a tare. Sabon cen a kan tsohon siforoket ba ya yin kwana. A nan ne kuma ake duba robobin da ke cikin cibiyar wilin baya: idan ana jin "ƙwas" duk lokacin da aka saki kuloci, su ne suka mutu, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Birki shi ne wurin da Boxer ya fi rauni, ba wata kwana-kwana. Ganga gaba da baya ta isa babur mara kaya a cikin unguwa, amma da goyo da buhu a gangaren gada, tazarar tsayawa tana da tsawo. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne al'adar sassauta birkin gaba, wasu ma su cire wayarsa, wai yana kayar da mutum. Idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke da mafi yawan riƙo. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe shi farat ɗaya a kwana ko a kan yashin da ruwa ke tarawa a gefen kwalta. A koyi matsa shi a hankali tare da na baya. Sakin matakin birkin baya ya zama milimita 20 zuwa 30, na hannun kuloci kuma 2 zuwa 3. Bayan an ratsa ruwa gangar tana jiƙewa, birki ya ɗauke na ɗan lokaci, sai a yi tafiya a hankali ana ɗan taka shi har ya bushe. Sau ɗaya a damina a buɗe gangar a share laka, a shafa giris kaɗan a sandar da ke buɗe takalman birki kaɗai, kada ya taɓa fuskarsu.

Fitilar gaba ma ba abin yabo ba ce. Tana dushewa idan inji na sulo, ta ƙaru idan an ba shi wuta, ga unguwannin da ba fitilar titi. Masu ƙara manyan fitilu da rediyo suna yanka waya suna naɗewa da leda, daga nan batir ya fara mutuwa, wani lokaci waya ta kama wuta. Idan za a ƙara wani abu, a sa masa fis nasa.

A watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke cika lunguna, ƙa'idar ita ce kada ruwa ya kai bakin salansa ko akwatin iyakilina. A shiga da giya ta ɗaya, wuta a tsaye, ba a saki ba har a fita. Idan babur ya mutu a tsakiyar ruwa kada a yi masa kik. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda aka tilasta fistin, sandarsa tana lanƙwashewa. A tura shi waje, a cire fulogi, a yi kik sau da yawa ruwan ya fito ta ramin, a kwance ƙaramin sukurun da ke ƙasan kafireto a zubar da abin da ya taru, a matse soso. Sannan a duba baƙin mai: idan ya koma launin madara, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar. Wannan sukurun na ƙasan kafireto shi ne kuma maganin farko idan an sha man 'yan bumburutu babur ya fara shaƙewa, domin ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake kwanciya.

Iskar taya a kan irin wannan babur a ma'aunin PSI kusan 25 ce a gaba, 28 a baya, 32 idan da goyo, kuma a sa mai faci ya auna da geji, ba ya ƙwanƙwasa da sifana ba. Mai wilin waya ya riƙa bin wayoyin lokaci-lokaci, domin ɗaya idan ta saki sauran suna biyo ta, rim ya karkace. Duk da haka a hanyar ramuka wilin waya ya fi, saboda ana miƙe shi, na alminiyom kuwa idan ya tsage sai sabo.

Yawan kayan gyara yana da nasa sharrin. Duk abin da ake nema a kasuwa akwai na asali, akwai mai bi masa, akwai jabu, wani lokaci a kwali iri ɗaya. A madubi da murfin gefe da sigina ana iya yin arha ba a yi asara ba. A fistin da ringi, farantan kuloci, cen, takalman birki da boris kuwa, arha tsada ce, domin kuɗin aikin buɗe inji sau biyu ya fi bambancin farashin. A riƙa karɓar tsohon kayan da aka cire, a kwatanta nauyi da gogewar ƙarfe da na sabon kafin a ɗaura.

To wa ya kamata ya saya? Mai zama a unguwar da hanya ba ta da kyau, mai kai kaya shago, mai zuwa gona ta wajen Rigachikun ko Maraban Jos, Boxer ya dace da shi, kuma idan nauyi ne aikin yau da kullum, babban ya fi. Ma'aikacin da ke tsakanin Malali da Unguwar Rimi a kan kwalta, wanda ke son ya isa ofis da farar shadda ba tabo, roba-roba irin na Haojue ya fi masa, saboda yana kare ƙafa daga fallatsi kuma bai kai Boxer tsayi ba. Honda Ace 125, wanda ake haɗawa a Ota ta Jihar Ogun, injinsa ya fi laushi da rashin karkarwa. TVS HLX shi ne abokin hamayya na kusa, aikinsu kusan ɗaya, sai dai a yawancin unguwanni an fi saurin samun kayan Boxer da wanda ya iya shi. Wannan farin jinin ne kuma ya sa yake da kasuwa idan za a sayar, ya kuma sa ɓarayi ke son sa. Makullin kai kaɗai ba ya tsare shi. A ƙara sarƙa mai kauri da kwaɗo a wilin baya, a ɗaure da wani abu kafaffe, ko da a ƙofar masallaci ne, a kuma sa ɓoyayyen makunni da ke yanke wuta.

Batun doka ba abin wasa ba ne a wannan jiha. A 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, an kafa dokar hana acaɓa a cikin garin Kaduna da wasu ƙananan hukumomi, a ƙarshen Satumban 2021 kuma gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta dakatar da hawa babur gaba ɗaya, na haya da na gida, na wata uku saboda matsalar tsaro. Da yake Boxer ne aka fi sani da haya, mai nasa na kansa ya fi kowa buƙatar cikakkun takardu idan ya haɗu da jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar, ko na kiyaye haɗurra: lamba, rasit, lasisin tuƙi na rukunin A, da hular kwano, wadda aka fara tilasta sawa a faɗin ƙasa tun farkon 2009.

Mai sayen na hannu ya je da safe, ya taɓa inji ya tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin mai sayarwa mai wayo yana ɗumama shi tukuna don ya ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Ya sa a ba shi wuta ya tsaya a bayan salansa ya duba. Ya ɗora shi a jak ɗin tsakiya ya juya kai hagu da dama ya ji ko yana sarƙewa a tsakiya, alamar boris ɗin wuya ya tafi. Ya leƙa ƙarƙashin kushin da gindin kariya ya nemi sabon walda ko sabon fenti, nan ne firam ke tsagewa idan an sha labta masa lodi. Ya hau, a giya ta huɗu yana tafiya a hankali ya buɗe wuta: idan inji ya yi kuka gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Lambar inji da ta firam kuma ya karanta su da idonsa harafi-harafi ya gwada da na rasit. Idan akwai alamar an goge ko an sake bugawa, ko mai sayarwa ya ce takardu sun ɓace amma zai rage kuɗi, a bar masa kayansa.